Yadda Za Ki Rage Kashe Kuɗi a Gidan Abinci Ba Tare da Kin Taɓa Tsafta Ba

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tambayar da masu sayar da abinci a Sakkwato suka fi turo mini ita ce: ina zan rage? Mai rumfa a bakin tasha da mai shago a Mabera ko Runjin Sambo duk kukansu ɗaya. Kayan miya sun tashi, itace ya tashi, ɗan garuwa ya ƙara kuɗi, mai saye kuma sai ya ce a sa masa na jiya. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, kuma ko da hatsi ya ɗan sauko daga baya, haya da sufuri suna nan inda suka hau.

Idan abu ya matsa, wuraren da aka fi saurin kai wa hannu su ne ruwan wanke-wanke, sabulu, da ragowar abincin da ya kamata a zubar. Su ne kuwa mafi ƙarancin kuɗi a duk lissafin, kuma su ne ke rufe shago. Babbar asarar tana wani wuri daban. Tunda yawancin masu tambayar mata ne, da mace zan yi magana. Maza masu shayi da masu gidajen abinci su ɗauki nasu a ciki.

1. Fara da sanin kuɗin faranti ɗaya

Kayan aiki: littafi, biro, da gwangwani ko kwanon awo guda ɗaya wanda ba za a canza ba.

Ki auna tiya ɗaya ta shinkafa, ki dafa yadda kika saba, ki tsaya da kanki ki ƙirga faranti nawa ta fitar. A ce kin sayi tiyar ₦4,000, ta ba da faranti 16. Kowane faranti ya ci shinkafar ₦250 ke nan. Wannan misali ne kawai, ki sa farashin da kika sayo da shi yau. Haka za ki yi wa tukunyar miya: haɗa kuɗin tumatir, tattasai, tarugu, albasa, mai da magi, ki raba da yawan ludayin da ta bayar. Nama a ƙirga yanka nawa kilo ya fitar. Daga nan ki tara kuɗin itace ko gas na rana, ruwa, leda, ladan yara, da hayar wata da aka raba gida 30, ki raba su da yawan farantin da kike sayarwa a rana.

Akwai abincin da ke fita ba a biya, shi ma a rubuta shi: na ma'aikata, na yaran gida, na ɗan kabu-kabun da ke ɗauko miki kaya, na maƙwabciya, na almajirai. Ban ce ki daina sadaka ba. Ki san yawanta, ki ware mata kwanonta. Wasu sai sun ƙirga suke gane cewa faranti goma sha ne ke tafiya a haka kullum.

Gargaɗi: kada kuɗin cefanen gida ya fito daga jakar ciniki ba tare da an rubuta ba. Ki yanka wa kanki albashi, komai ƙanƙantarsa.

2. Rage yawan kalolin abinci

Bayan mako ɗaya kina rubutu, littafin zai nuna miki abin da ke ƙarewa kafin azahar da abin da ke kai wa dare. Wanda ke kai wa dare a cire shi, ko a mayar da shi na ranar Juma'a kawai. Kala huɗu ko biyar da ke tafiya sun fi kala goma da rabinsu ke kwana. Ki zaɓi waɗanda ke cin miya ɗaya: jar miya guda ta isa shinkafa, taliya, da shinkafa da wake. Tuwo ya tsaya a miya biyu, kuka da kuɓewa, ko a musanya ɗaya da sure ko taushe idan ganye ya yi araha.

3. Sayayya: lokaci da wuri

Mu a nan muna da gatan da mai gidan abinci a Legas ba ta da shi: albasa, tafarnuwa, tumatir da tattasai a bayan gidanmu ake noma su, a fadamun Wurno, Goronyo, Kware da Gada. Saye kullum a hannun mai tebur na unguwa biyan ribar mutum uku ne. Ku haɗu ku uku ko huɗu masu sana'a iri ɗaya, ku sayi buhun albasa a Ramin Kura ko kwandon tumatir a Kasuwar Daji, ku raba kaya, ku raba kuɗin ɗauko.

Kowane kaya da lokacinsa. Hatsi da wake a saya da kaka. Tumatir da tattasai suna faɗuwa idan kayan noman rani suka fito, daga Janairu zuwa Maris, su yi tsada da shigowar damina. Lokacin araha ne ake yin kauɗa: a yanka, a shanya a kan raga ko tabarma mai tsafta a bisa tebur, a rufe da yadi mai shara-shara, ba a ƙasa bakin hanya inda awaki da ƙura ke bi ba. Idan ta bushe ƙamas a zuba a bokiti mai murfi. Albasa tana araha da bazara, tana tashi daga ƙarshen damina zuwa Disamba. Ta wuri mai iska take so, ba ta son ɗaki rufaffe.

Ga inda araha ke yaudara:

Fasasshen tumatir na gindin kwando. Wanda ya fashe yau saboda danni ana iya wanke shi a dafa nan take. Wanda ya yi funfuna, ya fara yauƙi ko tsami, a bar shi ko kyauta ne. Haka masara da gyaɗar da suka yi funfuna: gubar da ke cikinsu tana lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Wake mai warin magani. Wasu na zuba masa fiya-fiya don ƙwari, abin da NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ki shaƙa kafin ki biya. Naki na ajiya kuma ba ya buƙatar magani: a cika busasshiyar jarka har baki a toshe sosai, ko a yi amfani da buhun PICS mai ruɓi uku, rashin iska zai kashe ƙwarin. Kifin banda da ƙuda ba ya ko kusantarsa a tsakiyar kasuwa, shi ma abin tuhuma ne.

Manjan da ja ɗinsa ya wuce misali, wanda ke rina yatsa, ana iya samun rini a cikinsa. Ki riƙe mai kawo miki guda ɗaya da kika yarda da shi.

Nama a saya wurin mahaucin da ke yanka a mayanka, inda ake duba dabba. Idan aka kawo miki nama gida da yamma a rabin kuɗi, ki tambayi kanki me ya sami dabbar.

4. Ajiya

Buhu ba ya zama a ƙasa. A ɗora a kan katako, a bar tazara da bango don a riƙa share baya. Sabon kaya ya koma ciki, tsoho ya fito gaba. Gari, shinkafar da aka buɗe, kuka da daddawa duk a robobi masu murfi, domin ɓera ba ɓarna kaɗai yake yi ba, fitsarinsa da kashinsa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda ya fi tashi da rani.

Gargaɗi: maganin ɓera, fiya-fiya da kananzir ba sa kwana a ɗakin abinci, kuma ba a zuba su a gorar ruwa ko ta lemo. Tarko ya fi guba a wurin girki.

Batun firiza kuwa, ki yi wa kanki gaskiya. Idan unguwarku ba ta samun wuta yadda ya kamata, sayen naman mako guda caca ne, kuma man janareta zai cinye ribar sarin. Firizar da ke cike, kayanta sun daskare, ba a buɗe ta ba, tana iya riƙe sanyi kusan kwana biyu. Wadda ke rabi, kwana ɗaya. A zafin Afrilu kada ki dogara da ko wannan. Naman da ya saki har ya yi ɗumi ba a mayar da shi ya sake daskarewa. A ra'ayina ƙaramin gidan abinci ya sayi naman yini da safe, a tafasa shi kafin ya yi awa ɗaya a hannu. In kuma akwai firji, ɗanyen nama a ƙasa, dafaffen abinci a sama, kowanne a rufe.

5. Itace, gawayi da gas

Murhun duwatsu uku a fili, zafinsa mai yawa iska ke kwashewa, musamman da hunturu. Gina masa kariya da laka ko bulo ta gefe uku aikin yini ɗaya ne, kuma za ki ga bambanci a ƙunshin itace tun makon farko. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan jiƙon. A jera girki yadda tukunya na sauka wata na hawa, garwashin ƙarshe kuma ya ɗumama ruwan wanke-wanke. Ganda, ƙafar saniya da kayan ciki su ne ke cin wuta. Tukunyar fresha, mai dafawa da matsin tururi, tana rage lokacinsu ƙwarai, kuma kuɗinta na dawowa.

Gargaɗi: kada a jefa farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin laushi. Yana illata hanta da ƙoda. Kanwa ma ɗan kaɗan ake sa wa. Kada a hura wuta da leda ko roba, kada a karɓi kai da ƙafar da aka babbake da taya. Mai gas ta shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar gas ɗin da jikin tiyo. In ya yi kumfa yana tashi, akwai yoyo, kuɗi na fita kuma rai na cikin haɗari.

6. Girki kashi-kashi

Wannan shi ne matakin da ya fi duk sauran, domin a nan ne rage asara da tsafta suka zama abu ɗaya.

Al'adar da aka saba ita ce a dafa babbar tukunya da safe, a juye a kula, a yi ta sayarwa har isha'i. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ita ce dafaffen abinci ya zauna ko dai da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5, kada kuma ya wuce awa biyu a tsakanin nan. Inda zafin gari ya haura digiri 32, masana kan rage shi zuwa awa ɗaya. To mu da muke ganin digiri 40 da ɗoriya a Afrilu da Mayu, ai ba sai an faɗa ba. Kular da ake buɗewa kowane minti biyar tana hucewa a hankali, ta faɗa daidai ɗumin da ƙwayoyin cuta suka fi so.

Shinkafa ta fi kowa haɗari, ita da taliya. Akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dafuwa, idan shinkafa ta huce ta daɗe sai ta saki guba mai sa amai, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe wannan gubar. Shinkafar na iya zama ba wari, ba yauƙi, amma ta kwantar da mutum. Hanci ba ma'auni ba ne.

Ga yadda za a yi. Ki duba littafinki ki ga faranti nawa ke fita da safe, nawa daga azahar zuwa la'asar, nawa bayan magariba. Ki raba girkin gida uku daidai da haka, kowane kashi ya ɗan gaza abin da kike tsammani. Kashi na gaba ya hau wuta idan na kula ya kai rabi. Kafin a zuba abinci a kula, a ɗauraye ta da tafasasshen ruwa don ta ɗauki zafi. Ƙananan kuloli biyu sun fi babba ɗaya: ɗaya na aiki, ɗaya na rufe. Miya ta zauna a kan garwashi tana ɗan motsi, ba a gefe ba. Idan za ki iya sayen ma'aunin zafin abinci mai tsinke, ki saya. A soka a tsakiyar kula, in ya sauka ƙasa da 60 lokaci ya fara ƙirguwa.

Za a ce girki uku ya fi cin itace. Gaskiya ne, yana ɗan ƙarawa. Amma ki kwatanta kuɗin itacen da na rabin kular da ake zubarwa, ko wadda ake sayarwa washegari da fargaba. Ranar da abinci ya ƙare mutum biyu suka juya, ba ki yi asara ba, gobe za su zo da wuri.

Gargaɗi: ba a zuba sabon abinci a kan tsohon da ya rage a kula. A kwashe tsohon, a wanke kular.

Ragowa fa? Awa ɗaya kafin tashi a sauke farashi, ko a bayar tun yana da zafi. Sadakar abincin da ya lalace ba sadaka ba ce. Almajiri ma cikinsa ciki ne. Abin da za a ajiye, kamar miya da nama, a raba shi a faffaɗan kwanoni marasa zurfi don ya huce da wuri, ya shiga firji mai aiki, gobe a tafasa shi har ya yi ɓul-ɓul ko'ina, sau ɗaya tak. Ɗumamen tuwo a gida mun taso da shi, amma na gida tukunya ce ƙarama da uwar gida ta san lokacin da ta sauke ta. Na sayarwa ga mutum hamsin wani abu ne daban. Ƙanzo mai tsafta a shanya shi, akwai masu saye. Ɓawo da sauran faranti a tara wa masu kiwo.

Kabeji, latas da kokwamba ba sa ganin wuta, saboda haka a wanke su da ruwan da za a iya sha, a yanka kaɗan-kaɗan, bama kuma a sa ta lokacin da mai saye ya nema. Kunun aya ba ya yini ba ƙanƙara. A yi daidai na rana.

Man suya ana iya maimaita shi, amma da sharaɗi. A tace bayan kowace suya, a rufe, a raba na kifi da na doya ko dankali. Ƙaramin kasko mai zurfi ya fi faffaɗa tattalin mai. Da zarar ya yi duhu, ya yi kauri, yana kumfa ko yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, aikinsa ya ƙare, kuma ba a juya shi cikin miya.

7. Ruwa da wanke-wanke: nan ba a ragewa

Ki duba lissafin mataki na farko, za ki ga ruwa da sabulu ba su taka kara sun karya ba a kan faranti. Kwalarar da ta ɓarke a 2021, wadda ta taɓa Sakkwato da maƙwabtanta sosai, ta ruwa da abinci ta bi, kuma duk damina haɗarin na dawowa. Taifot ma hanyarsa ke nan.

Ki san inda ɗan garuwarki ke ɗebo ruwa, ki leƙa cikin jarkokinsa. Ruwan sha da na haɗa zoɓo a tafasa shi, ko a sa masa maganin tace ruwa irin WaterGuard daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Randa ta kasance da murfi da moɗa mai dogon hannu, ba kofin da kowa ke sha da shi ba. Ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba ta tsaya a wajen gora.

Wanke-wanke baho uku ne: a kwashe sauran abinci tukuna, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye, a sake ɗaurayewa a ruwa mai tsafta, sannan a kife a kan kwando rana ta busar. Tsumma ɗaya da ke goge tebur, ya goge faranti, ya goge hannu, shi ne babban mai raba cuta a shago. Kwanon wanke hannu da kowa ke tsoma hannu a ciki a ɗauke shi, a sa bokiti mai famfo ko buta da sabulu. Wannan ma ya fi tattalin ruwa.

Allon yanka biyu, wuƙa biyu: na ɗanyen nama daban, na ganye da albasa daban. Kwandon shara da murfi, nesa da murhu, a kwashe kullum.

8. Ma'aikata

Kafin ki sallami yarinya, ki gwada raba musu lokaci, wasu safe wasu yamma. Mai zuba abinci ta yi aiki da ludayi ɗaya da mara ɗaya. Hannu yakan yi nauyi idan sani ya zo. Mai karɓar kuɗi ko riƙe POS ba ta taɓa abinci, in kuma mutum ɗaya ce, to cokali da ludayi, ba yatsa ba. Farce a yanke, kai a ɗaure, zobe a cire, ciwo a rufe da filasta. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 bayan bayan gida, bayan taɓa ɗanyen nama, da kafin fara zubawa.

Gargaɗi: mai gudawa ko amai ba ta shiga wurin girki sai ta yi kwana biyu da warkewa. Ki biya ta ladan waɗannan kwanakin. Idan ta san za a yanke mata, ɓoyewa za ta yi. A kai ma'aikata asibiti gwajin lafiyar masu abinci, a ajiye takardun kusa, domin duba-gari kan tambaya.

9. Farashi, bashi da robar ɗauka

Idan lissafi ya nuna faranti ba ya fitar da kansa, ƙara kuɗi a fili ya fi rage abinci a ɓoye. Mai saye yana da ido. Ki yi girma uku, ƙarami, matsakaici da babba, nama kuma a sayar da shi daban, yadda mai ₦500 zai ci ya tashi ba tare da jin kunya ba. A rubuta a allo. Idan tsohon abokin ciniki ya yi ƙorafi, magana ɗaya ta isa: “Alhaji, ka san yadda kasuwa take, gara in ƙara maka kaɗan da in ba ka na jiya.”

Robar ɗauka da cokalinta a sa musu kuɗinsu, wanda ya zo da kularsa a ɗauke masa. Bashi a yi masa iyaka da ranar biya, a rubuta a gaban mai shi. Na ma'aikatan gwamnati ya tsaya a ƙarshen wata, ba ya tsallakawa. Mai turo kuɗi ta waya kuma a jira a ga sun shiga asusunki, ba a kallon hoton da ke wayarsa.

Ki ware rana ɗaya a mako, bayan an tashi, ki sake auna tiya da tukunyar miya da sabon farashin kasuwa. Idan kuɗin faranti ya motsa da fiye da ₦50 mako biyu a jere, a gyara allo.